Daga Ƙofar 'Yandaka Zuwa Yankari: Me Ake Zuwa Yi A Daji?

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin saboda 'yan uwa da data ba ta isa su saurari murya, da kuma waɗanda suka fi son su karanta a hankali.

Yau ba maganar zaɓe za mu yi ba, ba ta neman aiki ba. Yau daji za mu shiga. Na san wani ya riga ya ce "a'uzubillahi", don mu a Katsina yanzu da an ce daji gaban mutum faɗuwa yake. To wannan faɗuwar gaban na cikin abin da ya sa na ga ya kamata mu yi wannan hira.

A ƙarshen watan Fabrairu, gab da azumi, ni da abokaina biyar muka tafi Yankari a jihar Bauchi, muka kwana biyu. Wata biyar muna zuba adashi kafin kuɗin ya haɗu. Ranar da na gaya wa Inna, kallona ta yi ta ce, "Kai yanzu da hankalinka, mutane na gudowa daga daji, kai kuma ka biya kuɗi a kai ka? Mi za ka gano?" Baba bai ce komai ba sai da na zo sallama, sannan ya ce, "In ka ga giwa ka ɗauko mini hotonta. Rabona da ganin ta tun ina saurayi."

Tambayar Inna ita ce kan shirin yau. Me ake zuwa yi? Mene ne safari, yaya ake yin sa, kuma me ya haɗa shi da ni da kai da muke zaune a Ƙofar 'Yandaka, ko Ƙofar Ƙaura, ko Sabuwar Unguwa?

Mu fara da kalmar

Safari kalmar Swahili ce, harshen da ake yi a Kenya da Tanzaniya, ma'anarta tafiya. Su ma daga Larabci suka aro ta, daga "safar". Mu ma muna da 'yar uwarta a Hausa, wato safara, ta fatake masu kai kaya gari-gari. A zamanin mulkin mallaka in an ce safari, ana nufin Bature ya ɗauki bindiga da 'yan dako ya shiga daji ya harbo zaki ko giwa, ya ɗauki hoto da gawar. Yanzu abin ya juya. Mota ake shiga da ɗan rakiya, a zagaya gandun daji a kalli dabbobi a inda suke rayuwarsu, a ɗauki hoto, a fito. Ba harbi, ba kamu.

Kuma don Allah mu bambance shi da gidan zu. A gidan zu, kamar na Audu Baƙo a Kano, dabbar ce a keji, kai kana yawo. A gandun daji kai ne a cikin mota, dabbar na yawonta. In ta ga dama ta fito ka gan ta, in ba ta ga dama ba haka za ka dawo. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shi kuma gandun daji na ƙasa, fili ne da doka ta keɓe: ba noma, ba kiwo, ba sare itace, ba farauta. Na farko a duniya shi ne Yellowstone a Amurka, 1872. A Afirka na farko shi ne Virunga a Kwango, 1925. A Najeriya akwai guda bakwai da suka daɗe a hannun hukumar gandun daji ta tarayya: Tafkin Kainji, Gashaka-Gumti, Kamuku, yankin Tafkin Chadi, Old Oyo, Okomu da Kuros Riba. Gashaka-Gumti da ke tsakanin Taraba da Adamawa shi ne mafi girma, kuma a nan dutsen Chappal Waddi yake, wanda ya fi kowane dutse tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Kamuku kuwa nan kusa da mu yake, a Birnin Gwari.

Yankari fa? An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a watan Disamba 1962. A 1991 ya zama gandun daji na tarayya, sannan a 2006 aka mayar da shi hannun gwamnatin jihar Bauchi. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. In kana son ka gane girman, ka raba jihar Katsina gida goma, to ya kusa kai kashi ɗaya.

Hanya

Mun bar Katsina bayan sallar asuba. Katsina zuwa Kano, daga Kano muka bi Wudil, Birnin Kudu, Ningi, muka shiga Bauchi da la'asar. A Bauchi muka kwana, saboda mun yi wa kanmu doka ba tafiyar dare. Washegari muka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima muka karya dama, muka miƙe har Mainamaji inda babbar ƙofar shiga take, a ƙaramar hukumar Alkaleri. Daga ƙofar zuwa masaukin Wikki akwai kilomita arba'in da 'yan kai, duk a cikin daji. Tun a wannan hanya kallo yake farawa.

Abu na farko da zai tarbe ka a Wikki shi ne gwaggon biri. Jama'a, waɗannan ba baƙi ba ne, su ne masu gida. Suna zaune a gindin bishiya suna lura da wanda ya sauko da leda. Wani abokinmu ya ajiye burodi da ƙuli-ƙuli a kan but ɗin mota ya juya zai ɗauko jaka, ko da ya waiwayo, wani ƙato ya riga ya hau katanga yana kwance ledar, a natse, kamar shi ya saya. Ma'aikatan wurin sun riga sun gargaɗe mu, mu ne ba mu ji ba. Ka rufe ƙofa, ka rufe taga, kada ka riƙe abinci a fili, kuma kada ka ba su da hannunka. Mutane ne suka koya musu wannan hali ta hanyar jefa musu abinci don a yi dariya. Gadu ma, wato mugun dawa, na nan yana kiwo a tsakar masauki kamar akuyar gida.

Sai ruwan Wikki. Maɓuɓɓuga ce da ke fitowa daga gindin dutse, ɗuminta digiri 31 dare da rana, rani da damina. Ruwan garau, kana tsaye a ciki kana ganin yatsun ƙafarka a kan yashi. Tsawon wurin wankan ya kai mita 200. Mu 'yan Katsina da muka saba da jiran mai kurar ruwa, mun daɗe a tsaye muna kallo kafin mu shiga.

Yadda zagayen yake

Ana fita sau biyu, da sassafe da kuma yamma. Dalili kuwa dabba ma tana jin rana kamar kai. Da tsakar rana tana cikin inuwa, ba za ka gan ta ba. Haka nan lokacin shekara yana da muhimmanci. Da damina ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa kuma ko'ina akwai, dabbobi sun watsu. Da rani, musamman daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, dole kowa ya gangaro kogin Gaji ya sha. A nan ake ganin su. Wato lokacin da ya fi wahala ga jikinka saboda zafi, shi ne ya fi kyau ga idonka.

Motar buɗaɗɗiya ce, da direba da ɗan rakiya. Kafin mu tashi ɗan rakiyar, wani dattijo mai furfura, ya ce, "Samari, magana uku. Ba sauka sai na ce a sauka. Ba ihu. Wayoyinku ku kashe musu ƙara." Muka ce, "To Baba."

Ga abin da muka gani. Gwambaza, mai kauri da gashi a wuya, kusa da ruwa. Mazo, mai zane-zanen fari a jiki, ya leƙo ya koma. Garken ɓauna daga nesa, baƙaƙe, sun tsaya cak suna kallon mu. Jan biri yana tsallake hanya da gudu. Kada kwance a bakin ruwa kamar gungumen itace. Tsuntsaye kuwa ba a magana, an ƙirga sama da iri 350 a dajin. Da yamma muka yi sa'ar gwanki guda biyu, dogaye kamar doki, ƙahonsu ya lanƙwasa baya. Duk rayuwata ina jin karin maganar nan ta gwanki sha bara, ban taɓa sanin kamanninsa ba sai ranar.

Akwai kuma tarihi a ciki. Akwai kogunan Marshall, ɗakuna ne da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse. Akwai rijiyoyin Dukkey sama da ɗari da aka haƙa don tara ruwa, da kufan wuraren narka tama. Wannan ya nuna maka dajin nan ba a fanko yake ba tun asali, mutane sun zauna a cikinsa sun yi sana'a.

Giwa fa? Ba mu gan ta ba. Sau uku muna fita. Mun ga kashinta, ɗanye, har da ɗumi. Mun ga sawunta, faɗinsa kamar faifai. Mun ga reshen da ta karya. Ita dai ba ta fito ba. Ɗaya daga cikinmu ya fusata ya ce a banza muka zo. Dattijon nan ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, giwar da ta saba jin ƙarar bindiga ba ta tsayawa jiran mota. Wadda ta rage a dajin nan, wayonta ne ya bar ta."

Wannan magana ta zauna mini. Masu bincike na ƙungiyar WCS, wadda ke aiki da gwamnatin Bauchi wajen tsaron dajin, sun ƙiyasta giwayen Yankari tsakanin 100 zuwa 150. Kuma wannan na cikin manyan garken da suka rage a duk Najeriya. Giwa wata 22 take ɗauke da ciki, ta haifi ɗa guda, sannan ta yi shekara huɗu ko biyar kafin ta sake. To lissafa, in an harbe uwa ɗaya saboda haure, shekara nawa za a yi kafin a mayar da gurbinta? An hana cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989, amma har a watan Janairu 2024 sai da gwamnatin tarayya ta niƙe tan biyu da rabi na hauren da aka kama a Abuja. Zaki kuwa, a duk faɗin ƙasar nan wuri biyu kawai aka tabbatar ya rage, Yankari da Kainji, kuma 'yan kaɗan ne. Mu da muke yi wa sarakunanmu kirari da zaki da toron giwa, saura kaɗan kirarin ya rage babu mai shi.

Ina ruwan Bakatsine?

Yawwa, nan ne inda nake son mu tsaya.

Duk wanda ya san Ƙofar 'Yandaka ya san abu biyu. Ta nan Lugga ya shigo Katsina a 1903. Kuma daga nan hanyar Batsari ta miƙe yamma. In ka bi ta, ka doshi dajin Rugu, wanda ya ratsa Batsari, Safana, Ɗanmusa da Jibiya ya haɗe da dazukan Zamfara. Yau in ka ce Rugu, abin da ke zuwa ran kowa shi ne 'yan bindiga, satar shanu, kuɗin fansa. Dukanmu mun ga mata da yara da suka taso daga ƙauyukan can suna zaune a kangaye a cikin birni. Wasunmu danginsu ne.

Amma ka samu tsoho ɗan shekara saba'in daga yankin Runka ko Batsari ka tambaye shi Rugun da ya sani. Na yi hakan bayan na dawo. Akwai wani dattijo da muke gaisawa a bakin tasha, na nuna masa hoton gwanki a wayata. Ya karɓa ya daɗe yana kallo, ya ce, "Yaro, ina ka samo wanga? Da muna yara har bayan gonarmu suke zuwa." Ya lissafa mini barewa, gada, kura, gadu, zabin daji da ba sa ƙirguwa. Ya ce a lokacinsu malamin daji kaɗai ya isa ya hana ka shiga da gatari, don an san akwai doka kuma akwai mai tsaron ta.

Ban ce rashin namun daji ne ya kawo ta'addanci ba, kada a fahimce ni a karkace. Matsalar tana da saiwoyi da yawa: talauci, rikicin noma da kiwo, rashin adalci, makamai da ke shigowa ta iyaka. Abin da nake cewa shi ne, dajin da hukuma ta janye ƙafarta daga cikinsa, ba malamin daji, ba hanya, ba baƙo, ba wanda abincinsa ya dogara da zaman lafiyarsa, to wani zai shiga ya mallake shi. Sambisa gandun namun daji ne a da, har baƙi na zuwa kallo. Kamuku an ɗaga shi zuwa gandun tarayya a 1999, yau wa zai ɗauki iyalinsa ya kai su can hutu? Falgore a Kano ma ya sha zama maɓoya.

Kuma akwai labarin da na tabbata da yawanmu ba su sani ba. A ƙarshen 2020, gwamnatin marigayi Muhammadu Buhari ta amince da ƙarin gandun daji na tarayya guda goma. A cikinsu akwai Falgore a Kano, akwai dausayin Haɗejiya a Jigawa, akwai kuma dajin Kogo a nan jihar Katsina, yankin Faskari. E, Katsina na da suna a jerin. Na tambayi abokaina goma, duk masu digiri, mutum ɗaya ne ya taɓa ji. To abin da ba mu san da shi ba, yaya za mu tambayi inda aka kwana a kansa?

Leƙa maƙwabta

A Nijar, a yankin Kure da ke gabas da Yamai, akwai raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma, waɗanda suka ƙare a ko'ina sai can. A 1996 saura 49 kacal. Gwamnati da ƙungiyoyi da mutanen ƙauyukan suka haɗa kai, aka hana harbi, samarin wurin suka zama 'yan rakiyar baƙi suna samun na kansu. Adadin ya haura 600. A 2018 har aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, inda suka daɗe da ɓacewa. Maraɗi fa, nan bayan Jibiya.

Amma a ranar 9 ga Agusta 2020, 'yan bindiga suka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu, direba da ɗan rakiya, a wurin kallon raƙuman. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Kun ga darasin biyu ne. Dabba na iya dawowa in mutanen wurin sun ga amfaninta, kuma rana ɗaya ta rashin tsaro na iya rushe aikin shekara ashirin.

In ka matsa gabas, Kenya da Tanzaniya sun mayar da wannan abu babbar hanyar samun kuɗin waje, da Masai Mara da Serengeti. A Ruwanda, takardar izinin zuwa kallon manyan biran kan dutse na awa ɗaya dala 1,500 ce ga baƙo, kuma kashi goma cikin ɗari na kuɗin shigar gandun daji ana ware shi ga ƙauyukan da ke kewaye, a yi makaranta, a yi asibiti. Mutumin da ya ga ajin ɗansa daga kuɗin biri aka gina shi, ba sai an yi masa wa'azi kan kada ya ɗana tarko ba.

Ɓangaren da ba a son faɗa

Ba zan zo nan in yi muku daɗin baki ba. Kare daji yana da waɗanda ke biyan farashinsa, kuma yawanci talakawa ne. Giwa babba na iya cin kilo 150 a rana. In garke ya fito daga Yankari ya faɗa gonar masara a dare ɗaya, noman shekara ya tafi. Kai da ka zo daga birni da kyamara kana cewa "masha Allah", shi mai gonar kuka yake. Makiyayi na ganin ciyawa kore shar a cikin gandu, shanunsa na ramewa a waje, an ce kada ya shiga. Maharbi ya gaji sana'ar daga kakansa, yau an ce laifi ce. Su kuma masu gadin dajin suna kwana a jeji, kuma an sha rasa rayukan wasunsu a hannun masu farautar sata.

Shi ya sa ake sa wa wasu giwayen abin wuya mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, don a san inda suka dosa a gargaɗi ƙauyuka, kuma ake ɗaukar mutanen ƙauyukan aikin sa ido. Duk tsarin da bai sa maƙwabcin daji a lissafi ba, ba zai ɗore ba. In wata rana aka tashi gyara Kogo ko Rugu, tambayar farko da ya kamata mu matasa mu yi ita ce: manomi da makiyayin wurin, mene ne rabonsu?

Wani kuma zai ce, ana fama da abin da za a ci, kai kana maganar yawon buɗe ido. Gaskiya ne, kuma ban ce kowa ya tafi ba. Wanda bai da na cefane, wannan ba nasa ba ne yanzu. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, akwai da yawa a cikinmu da abin da suke kashewa a ankon biki uku ko canjin waya ya isa wannan tafiya. Kuɗin da muka kashe kuma ina ya tafi? Direba, mai masauki, mai abinci a Bauchi, mai tsire a Dindima, ɗan rakiya. Duk 'yan ƙasa ne, yawancinsu matasa irinmu.

In ka yi niyya

Ga abin da zan ba ka shawara, daga abin da muka koya.

Ku tafi a ƙungiya. Kuɗin mota da na zagaye in an raba shi shida ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Adashi ya yi mana aiki, zai yi muku.

Ku kira masaukin kafin ku tashi, ku ji farashin ɗaki da na shiga da na motar zagaye, don komai na tafiya da kuɗin mai. Ku tambayi halin tsaron hanya da na yankin a wannan makon, daga bakin mutanen wurin, saboda yankin Alkaleri ma ya ɗanɗani nasa rabon. In an ce a dakata, ku dakata. Kuma kada ku yi tafiyar dare.

Ku riƙe tsabar kuɗi, kada ku dogara da tiransifa, sabis na waya a daji ba shi da tabbas. Ku tafi da ruwan sha, hula, takalmi rufaffe, maganin sauro, da abin cajin waya. Kaya masu duhun launi ko ruwan ƙasa sun fi farar shadda, wadda dabba ke hangowa daga nesa.

'Yan uwa mata, wannan ba tafiyar maza kaɗai ba ce. Mun tarar da iyalai da ɗaliban makaranta mata da malamansu. In wanka a Wikki ne damuwar, da sassafe wurin ba cunkoso, kuma ba dole ba ne sai an shiga ruwa.

Kada ka sayi naman daji, ko fata, ko ɗan biri a hanya. In ka saya, kai ne ka aiki maharbin. Kada ka jefar da leda ko robar ruwa. Kada ka matsa wa direba ya kusanci dabba don bidiyonka na TikTok ya yi kyau. Ɓauna da dorina ba sa wasa.

In lokaci ya ba ku dama, akwai gandun Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa, duk a Bauchi, inda aka zuba raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya. Can ganin dabba ya fi sauƙi, yara za su ji daɗi.

Na ƙarshe, ka tafi da haƙuri. Ba a yi maka alkawarin giwa ba.

Da na dawo gida na zauna gaban Baba na ce, "Baba, ban samo maka giwar ba, sai sawunta." Na miƙa masa wayar. Ya gyara tabarau ya duba, ya sa yatsa yana auna faɗin sawun da takalmina da ke gefe a hoton. Ya ce, "Babba ce. To ai tana nan ke nan." Inna kuwa har yau ba ta sauka daga ra'ayinta ba, sai dai ta sa na tura mata bidiyon birin da ya sace burodi, kuma duk wadda ta shigo gidan sai ta nuna mata.

Ga aikin da zan bar mana na wannan mako, guda biyu. Na ɗaya, ka samu kakanka ko wani dattijo a unguwarku, ka tambaye shi dabbobin da ya taɓa gani da idonsa a dajin garinku, da wurin da ya gan su, da kamar wace shekara. Ka rubuta sunayen yadda ya faɗa da bakinsa ka turo mana, za mu karanta a shiri na gaba. Na biyu, in kana da hanyar ɗan majalisarku na jiha ko na tarayya, ka tambaye shi a ina maganar gandun Kogo ta tsaya. Cikin ladabi, amma ka tambaya, kuma in ya ba da amsa mu ji.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Katsina da Arewa baki ɗaya, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu gida lafiya. Wanda ya ga shirin ya amfane shi ya tura wa wani. Sai mun haɗu a na gaba in Allah Ya kai mu.